Doki A Hoto, Alfadari A Hanya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwar hatsi maganar nan gaskiya ce, domin wanda ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo gero ya duba ya fi wanda aka ba labari. Amma akwai wani irin gani wanda ba ji kaɗai ya ke kora ba, har tunani ya ke kora, watau ganin hoton da wani ya zauna ya shirya domin ka gani, ya zaɓi abin da zai nuna maka, ya bar sauran a aljihunsa. A kan irin wannan gani mu ke so mu yi magana yau da malaman makaranta da magatakardan ofisoshi, musamman na ƙasar Gobir, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu, domin su ne ke liƙa hoto a bangon aji da na ofis, su ne kuma yaro da talaka kan tambaya, "Malam, wane ne wannan?"

Abin da ya tayar da maganar ƙarami ne. Mun je wata makaranta a gabashin Sakkwato duba ɗaliban kwalejin horon malamai da ke gwajin koyarwa. Muka tarar da wani saurayi mai himma yana darasin tarihi a kan Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. Ya zo da wani babban hoto mai launi, wanda ya biya da kuɗin aljihunsa aka buga masa: ga ingarma ya miƙe tsaye bisa ƙafafun baya, ga mahayi cikin sulke da kwalkwali, takobi zare a hannu, ido jawur, ƙura ta turnuƙe a bayansa, a ƙasa kuwa an rubuta sunan Bawa da manyan baƙaƙe. Yara suka yi tsit, ko tari babu. Da aka gama muka tambaye su, "Me Bawa ya yi?" Suka amsa baki ɗaya, "Yaƙi!" Muka ce, "Sai me kuma?" Shiru. Muka ja malamin gefe muka tambaye shi wa ya zana hoton, yaushe, a ina. Ya ce shi dai a waya ya same shi. Ko tsagar da a ke gane Bagobiri da ita babu a fuskar mahayin, amma ba wanda ya kula. Ba mu ga laifin saurayin nan ba. In da laifi, namu ne mu da muka horar da shi, muka koya masa ya bi littafi da tambaya, ba mu koya masa ya bi hoto da ita ba.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. Ba a bayyana wa duniya hikimar ɗaukar hoto da na'ura ba sai a 1839, a Faransa. Bawa kuwa ya rasu tun ƙarni na 18 bai ƙare ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Ba kuma al'adar fadar Alkalawa ba ce, balle ta malaman Degel, a zaunar da mutum a zana kamanninsa. Malamai ma ƙyamar surar mai rai su ke yi, shi ya sa littattafai suka bar mana, ba fuskoki ba. Saboda haka duk hoton da ka gani an rubuta Bawa, ko Yunfa, ko Shehu, ko Bello a ƙarƙashinsa, tunanin mai zane ne, ba kamannin mai sunan ba. Haka abin ya ke ga Sarauniya Amina ta Zazzau da aka sa a kan sarki a 1975. To, in mai zane bai ga Bawa ba, ina ya samo wannan tsari na doki a tsaye, mahayi shi kaɗai ya cika takarda, mayafi yana kaɗawa? Lalle mahayanmu su kan ja linzami wurin jahi har doki ya ɗaga. Amma tsarin hoton kansa aro ne daga Turai, ko mai zanen ya sani ko bai sani ba.

Ga labarin uban irin waɗannan hotuna. Cikin watan Mayu na 1800 Nafoliyon ya ƙetare duwatsun Alf da rundunar Faransa, zai faɗa wa sojan Ostiriya a Italiya. Bayan haka wani gwanin zane, Jak Luwi Dabid, ya zana shi bisa ingarma mai zafi wanda ya miƙe a bakin dutse, iska tana kaɗa alkyabbarsa, yana nuna gaba da hannu, fuskarsa a kwance kamar mai zaman zaure. A kan duwatsun da ke ƙarƙashin kofaton dokin aka rubuta sunansa tare da na Hanibal da Sharlaman, mazajen da suka ƙetare wurin kafinsa, domin mai kallo ya jera su sahu ɗaya. Nafoliyon bai ko yarda ya zauna a zana shi ba. Hoton ya yi masa daɗi har aka sake zana shi sau da dama, masu ɗab'i kuma suka yi ta kwafa suna sayarwa, ya shiga gidaje da makarantu da kantuna, har yau ana ganinsa. Ashe kuwa mutumin nan bisa alfadari ya hau dutsen, wani ɗan ƙauye mai sanin hanya yana jan akala. Sai bayan shekara kusan 50 wani mai zane, Dalarosh, ya zana shi a kan alfadarin, a gajiye, sanyi ya kama shi. Wannan na biyu shi ya fi kusa da gaskiya, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa ganin hoton Nafoliyon, dokin zai tuna muku.

Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne can tsakaninsu. Aikin ya iso ƙasarmu da wuri. A 1823 Manjo Denham da Kyaftin Kilafaton suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu na Barno, malami kuma shugaban yaƙi. Denham ya zana shi, ya kuma zana wani bardensa cikin sulke. Da aka koma Ingila aka ba masu sassaƙa hoto a farantin ƙarfe, mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Barno ba, suka gyara, suka daidaita, aka buga cikin littafin da ya fito a London a 1826. Ku lura da hannu nawa fuskar ta bi kafin ta iso gare mu: na baƙon da ya zana cikin gaggawa, da na mai sassaƙa, da na mai buga littafi wanda ke son Turawa su saya. Shehun kansa a zaune aka nuna shi, cikin rawani da manyan riguna. Amma barden nan mai sulke har yau a kan ci karo da shi cikin littattafan tarihi, kamar shi ne dukan labarin yaƙin ƙasashen nan.

Shi Kilafaton ya wuto Sakkwato a 1824, ya ratso dajin Gundumi wanda mutanen Isa suka sani sarai. Da ya komo karo na biyu, cikin watan Oktoba na 1826, ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kewaye Konya, garin da Gobirawa suka tattaru bayan faɗuwar Alkalawa. Ya ga yaƙin da idonsa, ya rubuta, aka buga bayan mutuwarsa. Baƙo ne, kallon raini ya ke yi wa abubuwa da yawa, dole a karanta shi da hattara. Duk da haka abin da ya bayar ya isa darasi. Ya ga 'yan lifidi sun matsa kusa da ganuwa, aka yini ana harbi, garin bai ciwu ba, rundunar ta janye. Wadda ya fi yabo a wannan rana ba barde ba ce, ba kuma mai tuta ba. Wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar gidan Sarkin Musulmi, bisa wani doki marar kyan gani, ta rataya gorunan ruwa, da tasa a hannu, tana kutsawa inda kibau ke zuba tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Shekara kusan 200 ke nan. Wa ya taɓa ganin hotonta a kalanda? Wane aji aka liƙa ta? Ko sunanta ba a riƙe ba. Ga shi kuwa duk wanda ya san zafin ranar Gobir ya san mayaƙin da bai sha ruwa ba, takobinsa ado ne.

Haka kuma Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804. Masu zane su kan cika takarda da dawakin jama'a suna sukuwa. Alhali kuwa dawaki da lifidi a wajen Yunfa su ke. Jama'ar Shehu dawakinsu wajen 20 ne kawai, maharba 'yan ƙasa masu baka da kwari su suka ci ranar. Amma maharbi a ƙasa, ba riga, ƙafa duk ƙaya, ba ya sayuwa a kasuwa kamar mai doki.

Mu komo kan Bawa, tun da shi ne mafarin zance. Ba mu ce ba mayaƙi ba ne. Sunan Jan Gwarzo ba a tabarma ya same shi ba. Ubansa Babari ne ya kafa Alkalawa, wadda kufanta ke nan cikin ƙasar Sabon Birni, ya kuma rushe Birnin Zamfara. Bawa ya gaji ƙasa mai faɗi, ya riƙe ta da takobi, ya yi ta gwabzawa da Katsina, talakawa kuma sun ji nauyin harajinsa. Amma ranar da malaman tarihi suka fi tsayawa a kanta cikin sarautarsa ba ranar daga ba ce. Ranar babbar salla ce a Magami, wajen 1788, sa'ad da ya tara malaman ƙasarsa yana raba musu kyauta. Shehu Usmanu, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah cikin ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Sarkin nan tsoho, wanda ƙasashe ke shakka, yana da ikon ya sa dogarai su fitar da malamin. Bai yi ba. Ya saurara, ya amsa duka biyar.

Ku tsaya ku auna wannan, malamai. Mai ƙarfi ya ji gaskiya daga bakin marar ƙarfi a gaban jama'a, ya haɗiye fushi, ya buɗe kurkuku. A ganinmu wannan ya fi cin gari goma wuya. Kuma darasi ne da ya shafi kowane gida a ƙasar nan, na Bagobiri da na Bafillace, domin a ranar nan magabatansu a fili ɗaya suka yi salla, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya ji. Abin da ya biyo baya a zamanin Nafata da Yunfa, har Alkalawa ta faɗi a 1808, har Gawakuke a 1836 inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, har Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, har Ɗan Halima ya komo ya kafa Sabon Birni, duk yaro zai fi gane shi in ya fara sanin Magami. To, amma yaya za a zana Magami? Tsoho ne a zaune yana sauraro. Ba ƙura, ba jini, ba doki a tsaye. Mai neman ciniki ba zai buga shi ba, yaran da muka tambaya kuwa sun tashi da "Yaƙi!" kaɗai.

Wani zai ce, ai tun kafin hoto mawaƙan fada suna kambama sarakuna, me ya bambanta? Tambaya ce mai kyau, mutanen Isa kuwa sun fi kowa cancantar yinta, tun da a fadarsu Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa, ya zana shi da baki yadda ba mai alƙalamin da zai iya. Bambancin shi ne, mai sauraron Narambaɗa ya san mawaƙi ne ke magana. Yana ganinsa, yana ganin 'yan amshi, ya san ubangidansa, yana nan tsaye sa'ad da aka jawo doki ko aka miƙo riga tukwici. Ko ƙaramin yaro ya san in an kira sarki giwa ba a nufin yana da haure. Mai ji ya kan ji daɗi, ya kuma rage abin da ya kamata a rage. Hoto kuwa maroƙi ne wanda ba ya buɗe baki, ba a ganin ubangidansa, ba a ganin lokacin da aka ba shi tukwici. Shi ya sa a ke ɗaukarsa shaida, alhali kirari ne.

Ko hoton gaskiya, wanda na'ura ta ɗauka, yana iya yin wannan aiki. A 1977 aka fitar da takardar naira 20 da fuskar Janar Murtala Muhammed, shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka sa a takardar kuɗi, shekara guda bayan an kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976. Takardar nan, ko da ya ke yau ba ta sayen abin kirki, ta shiga hannun mutanen da ba su taɓa riƙe littafi ba, ta koya musu fuska guda da labari guda. Labarin kuwa yana da gaskiya: cikin wata shida da 'yan kwanaki ya girgiza gwamnati, ya mayar da jihohi 19, a cikinsu har da Jihar Sakkwato, ya tsayar da shawarar ƙaura zuwa Abuja. Amma takardar ba ta faɗin ma'aikata fiye da 10,000 da aka kora a 1975, da mai laifi da marar laifi, abin da tsofaffin magatakarda ba su manta ba. Ba ta kuma faɗin Asaba, inda sojan runduna ta biyu da ya ke shugabanta suka kashe ɗaruruwan farar hula cikin Oktoba 1967. Ba don mu rage masa daraja muka kawo wannan ba. Malami dai ya kamata ya san mutumin ya fi takardar faɗi.

A kasuwa abin ya fi haka sauƙin gani. Waɗanda suka manyanta sun tuna 1991, lokacin yaƙin Iraƙi, yadda hoton Saddam Husaini cikin kaki ya cika rumfuna da gilasan motoci. Bayan Satumba 2001 sai na Usama bin Ladan ya maye gurbinsa, a kalanda da 'yan takardun liƙawa. Mai ɗab'i ba ya tambaya ko mutumin kirki ne. Abin da zai ƙare kafin la'asar shi ya ke bugawa. Tsarin kuwa guda ne kullum: mutum ɗaya, babba, makami kusa da shi, ba gawa, ba maraya, ba kango.

Da a nan abin ya tsaya da ba mu ɓata tawada haka ba. Abin da ya sa maganar ta zama ta rai da mutuwa shi ne, wannan gurbi da muka saba wa idon yara da shi, na mutum ɗaya mai makami, wani ya zo ya shige cikinsa. Kowa a Sabon Birni da Isa ya san abin da ƙasar ta gani. Cikin watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Cikin Disamba 2021 aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a ƙasar nan tamu. Dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi, gonaki suka koma saura, makarantu da dama suka zama ba kowa. A cikin wannan hali ne hotunan Bello Turji, ɗan bindigar nan na wajen Shinkafi, suka riƙa yawo a wayoyi, daga Facebook zuwa WhatsApp, daga rumfar mai cajin waya zuwa aljihun ɗan makaranta. Ku dubi yadda a ke shirya su: kakin soja a jiki, rawani a ka, bindiga a kafaɗa, yara sun kewaye shi, shi a tsakiya. Kakin aro ne daga soja, rawanin aro ne daga malamai da sarakuna, tsayuwar aro ce daga kalanda. Ba mu kira shi shugaban yaƙi ba, ba kuwa za mu kira shi ba. Wanda ke tare fasinja da mai noma ba mayaƙi ba ne. Amma hoto ba ya neman izninmu kafin ya ba shi wannan suna a zuciyar yaro.

Hotuna biyu masu motsi na watan Agusta 2024 sun isa misali. A ɗaya, aka ga Turji da mutanensa suna murna a jikin motar sulke ta soja a Kwashabawa, cikin ƙasar Zurmi, suna nuna ta kamar ganimar daga. Hedkwatar tsaro ta bayyana cewa motocin sun kafe ne cikin taɓon damina, aka kasa fitar da su, sojan suka bar su. Watau laka ce ta kama motar, ba jarumtaka ba. Ga alfadarin Nafoliyon ya sake dawowa, an ɓoye shi, an nuna doki. A ɗaya hoton kuwa, aka nuna Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, dattijo, hakimi, wanda 'yan bindiga suka kama a hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, an ɗaure shi yana roƙon a cece shi. Bayan 'yan kwanaki labarin mutuwarsa a hannunsu ya iso. Allah ya jiƙansa. Abin lura shi ne, a duka biyun wayar a hannun ɓarayi ta ke. Su suka zaɓi wanda za a gani a tsaye da wanda za a gani a ƙasa. Duk wanda ya karɓi hotunan nan ya tura gaba, ko da kuka ya tura, ya yi musu aikin mai ɗab'i kyauta. Mun san ma'aikata masu ilmi da suka tura, muna kuma jin da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun tura.

Yanzu ku sa kanku a matsayin yaro ɗan shekara 12 a Gatawa ko Kurawa. A aji an nuna masa jarumi mutum ne mai makami wanda kowa ke tsoro. A waya ya ga mai makami yana dariya, mai sarauta yana roƙo. Ubansa ya bar gona, malaminsa ya nemi canjin wurin aiki. Wane hisabi ku ke tsammani zai yi? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ga shi kuwa wani na tanƙwara mana shi muna kallo.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a cika faɗa ba. Hoto ya kan sa fuska guda ta tsaya a madadin kabila. Mai kallon Turji sai ya ga kowane Bafillace mai sanda a cikinsa, har da wanda aka kwashe wa shanu jiya. Waɗansu kuma su ɗauko Bawan da aka ƙaga, su kafa shi gaban Shehun da aka ƙaga, su ce ga namu ga naku, su tayar da gabar 1804 a kan zanen da ba a fi shekara biyu da yinsa ba. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, tun da akwai kwamfutar da za ka gaya wa irin fuskar da ka ke so ta zana maka nan take, ka rubuta sunan wanda ka ga dama a ƙasa. A ƙasar da Sarkin Gobir biyu ke maƙwabtaka, na Sabon Birni daga gidan Gobirawa, na Isa daga gidan Bello, jama'arsu kuma sun yi auratayya shekara da shekaru, wannan wasa da wuta ne kusa da rumbu.

Ba mu ce a yayyage hotuna daga bango ba. Mun ga yadda ajin nan ya natsu, mun kuma san yaro yana bukatar wanda zai ɗaga kai ya duba. Sojan da suka bar iyalinsu suka mutu a dajin nan suna da hakkin a san fuskokinsu. Abin da mu ke nema shi ne a koya wa yaro ya yi wa hoto tambayar da alƙali kan yi wa shaida kafin ya karɓi maganarsa. Wa ya yi shi? Ya ga mutumin da idonsa ko labari ya ji? Wa ya biya, me kuma ya ke so in ji a raina in na gani? Sa'an nan babbar tambaya, wadda ta fi sauran amfani: in da takardar ta ƙara faɗi da taƙi ɗaya, wa zan gani a gefe? A gefen Nafoliyon akwai mai jan alfadari. A gefen barden Konya akwai tsohuwa mai goran ruwa. A gefen Turji akwai motar da aka ƙone da mutane a ciki. Yaron da ya saba da tambayar nan tun yana aji huɗu, da wuya a saye shi da kaki da rawani. Wannan ba ya bukatar sabon littafi ko kuɗin gwamnati. Minti biyar ne a ƙarshen darasi. Kwalejojin horon malamai su ya kamata su fara, domin malami ba ya ba da abin da ba a ba shi ba.

Magatakarda kuma suna da nasu rabo. Ma'aikaci mutum ne da a ke ɗaukar abin da ya fito daga wayarsa da nauyi, saboda haka hoton da ɓarawo ya ɗauki kansa, ko ya ɗauki wanda ya kama, ya mutu a wayarku. In akwai abin da hukuma ke bukata a ciki, a kai wa hukuma, ba zauren hira ba. Har wa yau, a ofisoshin hakimai da gidajen tsofaffin ma'aikatan En'e akwai hotunan gaskiya na sarakuna da alƙalai da malaman farko, suna cin ƙura, gara tana binsu, waɗanda suka san masu fuskokin kuma suna ƙarewa. A zauna da dattijai tun suna nan, a rubuta a bayan kowane hoto sunan mai shi, da shekara, da wurin da aka ɗauka, da sunayen na gefe, har da mai riƙe da linzami. A aika da kwafi zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. In ba a yi haka ba, nan da shekara 30 wani zai ɗauki hoton hakimin zamanin Turawa ya rubuta Bawa a ƙasa, ba kuwa mai iya ƙaryata shi.

Shi kuwa saurayin malamin nan, mun ce masa kada ya cire hotonsa, kuɗinsa ya sa. Ya dai ɗauki alƙalami a gaban yara ya rubuta a ƙarƙashin sunan, "Wannan zanen tunani ne, mai zanen bai ga Bawa ba," sa'an nan darasi na gaba ya zama na Magami. Ya ce to, amma shi bai san inda zai samo hoton sarki yana sauraro ba. Muka ce ya karanta musu labarin, ya raba musu alli da allo, su zana da kansu.